Kafin a Karɓi Makulli: Yadda Ake Duba Sabon Gida a Tsohon Gari

Unguwar Hubbare, wadda ta samo sunanta daga hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817, tana cikin tsofaffin unguwannin birnin Sakkwato, amma duk wanda ya ratsa lungunanta a yanzu zai ga ginin ƙasa yana ta ja da baya. Ana raba gidan gado, a rushe soraye da ɗakunan da kakanni suka ɗora, a zuba bulo da siminti, a rufa kwano, a shafa fenti. Wasu don kansu suke ginawa ta hannun ɗan kwangila, wasu kuma ginin sayarwa suke yi, dillali ya kawo mai saye. A duka biyun akwai ranar da ake cewa "an gama, sai tarewa", a miƙa makulli, a biya cikon kuɗi. Ra'ayina shi ne bai kamata a biya wannan cikon ba sai wani masani, wanda ba ya cin abinci a hannun magini ko mai sayarwa, ya duba gidan daga ƙasa har sama, ya rubuta abin da ya gani. Kuma sabon gida ya fi tsoho buƙatar wannan dubawa, ko da yake yawancin mutane akasin haka suke ɗauka.

Dalilin a fili yake. Gidan da ya shekara ashirin ya riga ya faɗi gaskiyarsa: inda yake yoyo akwai tabo a silin, inda ƙasa ta zauna akwai tsaga, inda danshi yake hawa fenti ya kumbura. Sabon gida kuwa bai ga damina ko ɗaya ba, kuma duk abin da aka yi ha'inci a kansa yana ƙarƙashin filasta da fenti da tayil, sai ya zama kyan ɗan maciji. A Sakkwato yawancin gini da rani ake yinsa, a kammala da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce take ba shi ƙarfi, shi ya sa ake so a yi ta ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa sai bayan kwana 28. A wurin da ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan ga-ruwa, kuma rana tana ƙafar da shi nan take, ban-ruwan gini shi ne abu na farko da ake tsukewa. Kamfanin siminti yana nan Kalambaina, tun shekarun 1960 yake aiki, ba mu da matsalar nisan kaya. Matsalar tana cikin yawan yashin da aka zuba wa buhu ɗaya da yawan ruwan da aka hana shi bayan an zuba. Ido ba ya ganin wannan ranar karɓar makulli, sai idon da ya san inda zai duba.

Wa za a kira? A Nijeriya akwai hukumomin da doka ta ɗora wa rajistar masana gini: COREN ta injiniyoyi, CORBON ta ƙwararrun magina, ARCON ta masu zanen gine-gine. Idan gidan bene ne, ko an zuba masa dakin, injiniyan gine-gine mai rajistar COREN ake nema, a tambayi lambar rajistarsa ba tare da jin nauyi ba, domin kalmar "injiniya" ta yi arha a bakin mutane, har mai haɗa waya da mai gyaran janareta ana kiransu da ita. Idan gidan ƙasa-ƙasa ne, ƙwararren magini mai rajista ya wadatar, tare da mai aikin lantarki da mai aikin famfo waɗanda ba su taɓa aikin gidan ba. Reshen ƙungiyar injiniyoyi na jiha, da sashen koyar da aikin gini na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wurare ne da za a iya fara tambaya. Sharaɗi mafi girma shi ne mai saye ya nemo shi da kansa, ya biya shi da kansa. Wanda dillali ya kawo, ko abokin ɗan kwangila, ko wanda yake fatan a ba shi aikin gyaran abin da ya gano, kowannensu yana da abin da zai karkatar da idonsa. A yi cinikin ladansa tun farko, kuɗi tsayayye, ko ya sami aibi ko bai samu ba.

Aikin yana farawa da takarda. A nemi zanen gidan da hatimin amincewar hukumar tsara birane ta jihar Sakkwato, sannan a riƙe zanen a hannu a zagaya ginin, a ga ko abin da aka amince da shi ne aka gina. Inda zane ya nuna ginshiƙi shida aka tarar da huɗu, ko aka amince da hawa ɗaya aka ɗora biyu, an riga an sami amsar da ta fi kowace tsaga muhimmanci. A cikin tsohon gari kuma a ƙara da tambayar asalin filin: idan gidan gado ne, ina shaidar rabon, kuma duk magada sun sa hannu? Wannan aikin lauya ne da mai unguwa, ba na injiniya ba, amma rana ɗaya ake yinsu.

Abin da ya bambanta Hubbare da sababbin unguwanni irin su Arkilla ko Dambuwa shi ne ƙasar da ake gini a kanta. A can fili ne da galibi gona ce a da. A nan kuwa mutane sun zauna a wurin shekara ɗari biyu, sun haƙa masai sun cike, sun sake haƙa wani a gefe, sun tona rijiya, sun ɗebi ƙasar gini sun bar rami an cike shi da shara da toka. Idan aka rushe ginin ƙasa, sau da yawa ba a kwashe ɓaraguzan, baje su ake yi a ɗora fandisho a kai. Ginin ƙasa yana haƙuri da irin wannan wuri saboda yana da faɗin gindi kuma ana yaɓe shi kowace shekara. Bulo da kankare ba sa lanƙwasa, idan kusurwa ɗaya ta faɗa kan tsohon masai, ƙasa ta sha ruwan damina ta zauna, bango tsagewa zai yi. Babu na'urar da mai dubawa zai zo da ita da ta kai dattijon maƙwabci sanin wannan. Saboda haka mai dubawa na ƙwarai yana fara gaida mutanen lungun, ya tambaya: Baba, ina masan gidan nan yake a da? Akwai rijiya? Da suka zo haƙa fandisho, sun kai ƙasa mai tauri ko sun tsaya a kan cikon? Amsar da za a samu a bakin ƙofar zaure cikin minti goma tana nuna wa injiniya kusurwar da zai sa a tona masa rami ɗan ƙarami a gefen bango, ya ga zurfin fandisho da faɗinsa da irin ƙasar da ya zauna a kai. Mai sayarwa da ya ƙi a tona wannan ramin, alhali za a mayar a cike a kuɗin mai saye, ya ba da nasa bayanin.

Daga nan sai maganar ruwa, domin a lungu mai ƙunci ruwan sama ba shi da wurin zuwa sai gidan wani. A duba tsayin daɓen gida a kan lungu: idan tsakar gida ta fi hanya ƙasa, ruwan watan Agusta ciki zai shigo, kuma hanya kullum ƙara tudu take yi da shekaru. A zuba bokitin ruwa a tsakar gida da kowane banɗaki a ga inda ya nufa. Ya bi magudana ya fita, ko ya kwanta a gindin bango. A tambaya ko an shimfiɗa leda kafin a zuba daɓe, domin ita ce take hana danshi hawa bango ya fito da farin gishirin nan da yake cin filasta daga ƙasa. A kuma ɗaga kai a ga inda indararo yake zuba. Sabon rufin kwano da yake juye ruwansa a kan katangar ƙasa ta maƙwabci zai kayar da ita cikin damina ɗaya ko biyu, kuma mai gidan da ya tare ne zai amsa kira a gaban mai unguwa, ɗan kwangila ya daɗe da tafiya. Haka tagar bene da take leƙa tsakar gidan mutane: malaman Malikiyya sun daɗe da hana buɗe tagar da take tona asirin maƙwabci, kuma a unguwa irin wannan ba abu ne da za a kawar da kai a kansa ba. Gara a sa a toshe ko a ɗaga ta sama kafin a biya.

Bango da ginshiƙai su ne inda masani yake cin ladansa. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siraran tsaga kamar gashi da suke bazuwa a fuskar filasta alamar an yi yaɓe a cikin rana ba a ba shi ruwa ba ce, muni ne kawai. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko mai hawa kamar matakala tana bin layin bulo, ko wadda ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, musamman idan ta ratsa bangon ta fito ta ɗaya gefen. Wannan tana nufin wani sashe na ginin yana motsi. A kula da wurin da fentinsa ya fi na kewaye sabunta, ko filastarsa ta ɗan yi tudu, domin nan aka toshe wani abu. Ƙofar da take cijewa a sabon gida, ko tagar da ba ta rufuwa daidai, wani lokaci laifin mai walda ne, wani lokaci kuma bangon ne ya fara karkata. Ingancin bulo ana gane shi da ƙusa a wurin da ba a yi filasta ba, kamar bayan katanga ko cikin rufi: bulon kirki yana ƙin ƙusa, na ha'inci yana zubar da yashi ko da yatsa aka murza shi. Injiniya yana da wata gudumar gwaji da ake danna wa kankare ta nuna kimanin ƙarfinsa ba tare da an fasa ba, akwai kuma na'urar da take gano inda rodi yake a cikin ginshiƙi. A ƙarƙashin dakin a duba ko rodi ya leƙo, ko akwai jan tabon tsatsa, ko kankaren ya yi ramuka inda tsakuwa ta taru babu siminti. Rodin da ba a lulluɓe shi da kankare mai kaurin kusan inci ɗaya ba zai yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa abin da ya kamata ya riƙe. Tayil kuwa da gindin makulli ake bi ana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙarar fanko babu siminti a ƙarƙashinsa, zai fashe.

Rufi sai an hau. Mai dubawa da ya tsaya a falo ya yaba kwalliyar silin bai yi komai ba, dole a buɗe ƙofar silin a shiga da tocila. Iskar farkon damina a Sakkwato kowace shekara tana yaye rufin gidaje da makarantu, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: katakon rufi an aza shi ne kawai a kan bango, ba a ɗaure shi da ƙarfe ko rodi da aka dasa cikin kankaren saman bango ba. A ga wannan ɗaurin da ido. A ga ko an shafa wa katako maganin gara ko'ina, ba gefen da ake hangowa daga ƙasa kaɗai ba, a ga tazarar da ke tsakanin katakai, a kashe tocila a duba ko haske yana shigowa ta hudar ƙusa. Salon da ake yayi yanzu na ɓoye rufi a bayan bango yana da kyan gani kuma yana rage wa iska kama kwano, amma duk ruwan rufin yana taruwa ne a kwatar kankare da ke bayan bangon, ƙurar hunturu da leda suna toshe ta, ruwa ya koma cikin silin. Gwajinta mai sauƙi ne: a toshe mafita, a cika ta da ruwa, a bar shi kwana ɗaya, a dawo a duba ƙasanta. Haka ake yi wa banɗakin bene.

Wutar lantarki ita ce take kashe mutane ba tare da gargaɗi ba, kuma ita ce mafi sauƙin ha'inci tunda waya a cikin bango take. A buɗe wasu soket a ga kaurin wayar: ta fitila murabba'in milimita 1.5, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da hita 4 ko sama, kuma jan ƙarfe na gaskiya, domin kasuwa cike take da wayar da aka rage mata kauri ko aka yi wa wani ƙarfe rufin jan ƙarfe. A nemi a nuna sandar da aka kafa a ƙasa don ta janye wuta idan ta ɓalle, a gwada da mita a ga ko soket suna haɗe da ita da gaske. A kunna komai lokaci ɗaya na rabin awa, a taɓa akwatin rarraba wuta a ji ko ya yi zafi. A gwada abin sauya wuta tsakanin ta kamfani da janareta ko sola. Ta ɓangaren famfo, a cika tanki, a rufe duk famfuna, a yi alama, a dawo washegari. Idan ruwa ya sauka, bututu yana yoyo a cikin bango. A buɗe murfin sokawe a ga zurfinta da ginin cikinta, a kuma auna tazararta da rijiya ko burtsatse, na gidan da na maƙwabta: ƙasa da mita 15 haɗari ne ga ruwan sha, kuma a gidajen cikin gari da aka yanka ƙanana wannan tazarar ba kasafai take samuwa ba. Wanda ya damu da kada masai ya fuskanci alƙibla, yanzu ne lokacin dubawa, kafin a zauna a fasa tayil.

Akwai masu cewa duk wannan rashin yarda ne, kuma a garin da maginin ɗan unguwa ne, ko ɗan kwangilar suruki ne, kawo baƙo ya bi aikinsa da tocila cin fuska ne. Wannan magana tana da nauyi, kunya ba abin wasa ba ce a wurinmu. Amma addinin da muke bi bai ɗauki duba kaya a matsayin zargi ba. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma tsawatar a kan algus. Fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibi, har malamai suka rarrabe aibin gida: ƙarami da ba a kula da shi, matsakaici da ake rage kuɗi a kansa, da babba da ake mayar da gidan saboda shi. Daular da aka kafa a wannan gari tana da muhtasibi mai bin kasuwa yana duba mudu da sikeli. To dubawa kafin biya ta fi sauƙi a kan zumunci bisa ƙara a kotu bayan bango ya tsage. Hanyar kauce wa ɓacin rai ita ce a faɗi maganar tun ranar ciniki, a sa ta cikin yarjejeniya, ta zama ƙa'idar aiki ba martani ga wani abu da aka gani ba. Magini mai gaskiya ma riba yake ci, domin rahoton ya zama shaidarsa idan wani abu ya taso daga baya wanda ba laifinsa ba ne.

Wasu kuma za su ce ai hukuma ta amince da ginin. Hukuma zane take amincewa da shi, ba ta tsaye a wurin ranar da ake kwaɓa siminti. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma jihohi da yawa ba su mayar da shi doka mai haƙora ba, kuma ma'aikatan sa ido ba su kai yawan gine-ginen da ake yi ba. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da 40, a unguwar masu kuɗi yake, a gaban idon kowa, kuma injiniyoyin da suka fara kula da shi sun janye hannunsu a rubuce tun a 2020. A Kano ma bene ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a watan Agustan 2022 ana cikin gininsa. Idan irin waɗannan sun wuce ta gaban hukuma, gida mai ɗaki huɗu a cikin lungu ba zai sami kulawar da ta fi tasu ba. Maganar tsada kuwa ba ta tsayawa idan aka kwatanta ladan yini ɗaya ko biyu na masani da kuɗin sake rufi ko tallafe fandisho.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa mai dubawa ba ya gani har hanji. Gaskiya ne. Bayan an zuba kankare, babu mai iya ƙirga kowane rodi, kuma rahoton da ya ce "ban ga aibi ba" bai ce "babu aibi" ba. Amma abin da wannan yake nunawa shi ne a fara dubawa da wuri. Wanda ake gina wa gida daga tushe ya kira masaninsa sau huɗu: bayan an haƙa fandisho kafin a zuba, bayan an ɗaure rodin ginshiƙai da linta da dakin kafin a rufe su, bayan an ɗora katakon rufi da bututun waya da na ruwa kafin silin da filasta, sannan a ƙarshe. Ya ɗauki hoton kowane mataki da waya, musamman idan yana Abuja ko Legas ko Saudiyya yana aiko da kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya tarar da gida a game kuwa, sai ya nemi hotunan aikin da rasiɗan rodi da siminti, ya ɗauki rashinsu a matsayin dalilin ƙara tsananta gwaji.

Rahoton ya zo a rubuce, da sa hannu da kwanan wata da hotuna, a raba abin da aka gano gida uku: wanda yake barazana ga rai ko ga tsayuwar ginin, wanda zai jawo asara idan aka bar shi, da na kwalliya. Na farko ba a tarewa sai an gyara, idan kuma a fandisho yake, a yi tunanin fasa cinikin. Na biyu a rubuta wanda zai gyara da ranar gamawa, ko a cire kuɗinsa daga ciko. A manyan kwangiloli al'ada ce a riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aiki har tsawon wata 6 bayan miƙa gini, don gyaran abin da ya ɓullo. Babu abin da ya hana mai ƙaramin gida yin haka, sai dai a Sakkwato kada a ƙirga watanni kawai, domin wata shida daga Nuwamba zuwa Afrilu ba za su ga ɗigon ruwa ba. A rubuta cewa za a saki kuɗin a ƙarshen Satumba, bayan mai dubawa ya dawo ya sake hawa rufi, ya auna tsagar da ya yi wa alama a zuwan farko, kuma shaidu biyu su sa hannu a takardar tare da mai gida da ɗan kwangila.